JIRGIN SINTIRI NA TEKU: Bayani Domin Hakimai da Magatakardansu a Ƙasar Kano

An shirya wannan ɗan bayani ne domin Hakimai da Magatakardansu da sauran Malaman ofis na ƙasar Kano, don su san wani irin jirgin ruwa na soja wanda Gwamnatin Tarayya ta ke kashe kuɗi masu yawa a kansa, watau jirgin sintiri na teku. Mai yiwuwa ne wani ya ce, ina ruwan Bakano da teku, alhali kuwa tsakanin Dala da Ikko tafiya ce ta wajen kilomita 1,000? Tambaya ce mai kyau, kuma talakawa za su yi wa shugabanninsu ita. Saboda haka ya kamata kowane shugaba ya riƙe amsarta a hannu. Amsar kuwa ita ce, hanyar cinikin Kano ta juya, ta bar hamada ta koma teku, kuma duk wanda ya ke tsaron wannan hanya ƙofar Kano ya ke tsaro.

HANYAR DA TA JUYA

Kowa ya sani tun zamanin Sarki Gijimasu aka soma gina ganuwar Kano, Sarki Muhammadu Rumfa kuma, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya kafa kasuwar Kurmi. Kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa wanda ya san mai shiga da mai fita. A wancan zamani arzikin birni ta arewa ya ke shigowa. Ayari ya kan taso daga Tarabulus ko Gadamus, ya ratso hamada wata da watanni, ya sauke kaya a Kurmi, ya ɗauki ƙiraga da baƙin yadi na marinar Kano ya koma. Har yanzu akwai unguwa a cikin birni mai suna Dandalin Turawa, inda Larabawan nan su ka zauna. Madugu kuwa ba ya tashi sai ya tanadi masu rakiya da makamai, gama ya san in 'yan fashi su ka tare hanya sau biyu ko sau uku, fatake za su daina binta, kasuwa kuma ta mutu.

A shekarar 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, a 1912 kuma hanyarsa ta haɗu har Ikko. Tun daga nan raƙumi ya soma ja da baya. Gyaɗar da aka riƙa tarawa dala dala a Kano jirgin ƙasa ne ya ke kai ta bakin ruwa, jirgin ruwa kuma ya kai ta Ingila. Dalar gyaɗa ta wuce, amma hanyar tana nan. Riɗi da zoɓorodo da citta da ƙaro da a ke aunawa a kasuwar Dawanau, da fatun da a ke jemewa a Kano, mafi yawan abin da ya ke zuwa ƙasashen waje ta teku ya ke fita. Yadin da ke Kantin Kwari, da alkamar burodi, da magunguna, da injuna, da babura, da kifin ƙanƙara, da yawansu ta teku su ka shigo. A watan Janairu na 1923 ba wanda zai yi zaton za a gina tashar jiragen ruwa a ƙasar Kano, amma a watan Janairu na 2023 an buɗe tashar tudu ta Dala a Zawachiki, cikin Kumbotso, inda a ke sauke manyan akwatunan ƙarfe na kayan teku, a yi musu kwastan a nan gida.

Bugu da ƙari, ɗanyen man fetur da Nijeriya ta ke sayarwa ta teku a ke lodinsa, kuɗinsa kuwa yana cikin abin da a ke raba wa jihohi da ƙananan hukumomi kowane wata, har da ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano. In aka sace man a ruwa, asibiti da makaranta da rijiyar ƙauye su ne za su ji a jikinsu. Birnin Kano yana da ƙofa mai suna Ƙofar Ruwa. To, a yau yana da wata ƙofar ruwan ta biyu, wadda ba a ganinta daga kan Dala, amma ta cikinta abinci ya ke shigowa.

RUWAN WA NE?

Kafin a fahimci aikin jirgin, tilas a san dokar teku. Ba a auna teku da mil irin na tudu. Akwai mil na teku, wanda tsawonsa mita 1,852 ne. A shekarar 1982 ƙasashen duniya su ka ƙulla yarjejeniya a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, Nijeriya kuma ta amince da ita a 1986. Ga abin da ta tsara a taƙaice.

Daga gaɓa zuwa mil 12 ruwan ƙasa ne sosai, hukuncinsa kamar na tudu, sai dai an yarje wa baƙon jirgi ya wuce in ba da mugun nufi ya zo ba. Daga nan zuwa mil 24 ƙasa tana da ikon tsare jirgi saboda laifin kwastan ko na shige da fice. Daga gaɓa zuwa mil 200 kuwa, watau kilomita 370, abin da ya fi nisan Kano zuwa Kaduna nesa ba kusa ba, duk arzikin da ke cikin ruwa da ƙarƙashinsa, kifi da mai da iskar gas, na ƙasar ne ita kaɗai, amma hanya ta kowa ce. Misalin wannan kamar burtali ne da ya ratsa tsakanin gonaki: makiyayi yana da ikon wucewa da dabbobinsa, ba shi da ikon sakinsu cikin dawar mutane.

Gaɓar tekun Nijeriya, daga Badagiri zuwa iyakar Kamaru, ta kai wajen kilomita 850. In aka lissafa wannan tsawo da faɗin kilomita 370, za a ga gonar ba ƙarama ba ce. Ga ta kuwa ba shinge, ba ganuwa, ba ƙofa. Doka ta ce ruwan namu ne, amma doka a takarda ba ta korar ɓarawo. Sai an sami wanda zai je can ya zauna, a gan shi dare da rana.

MENE NE JIRGIN SINTIRI?

Jiragen sojan ruwa iri iri ne. Akwai manuwa babba, wadda aka yi domin yaƙi da wata manuwar, kamar NNS Aradu da Nijeriya ta karɓo daga Jamus a 1982, mai tsawon mita 125. Haruffan nan uku, NNS, alama ce ta cewa jirgin na Sojan Ruwan Nijeriya ne. Irin wannan jirgi yana da tsada wajen saye, ya fi tsada wajen riƙo, ba kuwa daidai ba ne a riƙa tura shi kullum bin ɓarayin kifi. Akwai kuma ƙananan jirage masu gudu, waɗanda su ka dace da bakin gaɓa da lungunan kogi, amma man da su ke ɗauka kaɗan ne, in kuma igiyar ruwa ta yi ƙarfi sai su nemi gida.

Jirgin sintiri na teku yana tsakanin biyun nan. In ƙaramin jirgi doki ne, mai zafin nama amma mai saurin gajiya, to jirgin sintiri raƙumi ne. Ba a yabonsa da gudu, ba a yabonsa da yawan makamai. Da jimiri a ke yabonsa.

Misalin da ya fi kusa shi ne jirage biyu tagwaye da aka ƙera wa Nijeriya a ƙasar Sin. Na farko, NNS Centenary, ya kama aiki a watan Fabrairu na 2015, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan; an raɗa masa wannan suna ne don tunawa da cika shekara 100 da haɗe Arewa da Kudu a 1914. Na biyu, NNS Unity, watau Haɗin Kai, ya kama aiki a watan Disamba na 2016, zamanin Shugaba Muhammadu Buhari. Tsawon kowannensu mita 95 ne, kusan tsawon filin ƙwallo ke nan, faɗinsa wajen mita 12, nauyinsa wajen tan 1,800. Injuna biyu na dizal su ke tura shi, iyakar gudunsa kuwa mil 21 na teku a awa guda, watau kamar kilomita 39. Mai karatu zai ce ai ko babur ya fi shi sauri. Gaskiya ne. Amma yana iya tafiyar mil 3,000 na teku da shan mai guda, kamar a je Ikko daga Kano sau biyar, yana kuma iya kwana 20 a ruwa da mutum 70 a cikinsa ba tare da ya dawo gaɓa ba.

A gabansa akwai igwa guda mai bakin milimita 76, da waɗansu ƙananan bindigogi masu sarrafa kansu. A bayansa akwai fili inda jirgin sama mai saukar ungulu ya ke sauka ya tashi. Yana kuma goye da ƙananan kwale-kwale masu inji, waɗanda a ke saukarwa ruwa sa'ad da za a hau wani jirgi don bincike. A samansa akwai na'urar rada, wadda ta ke hango jirgi daga nesa ko da dare ne ko cikin hazo.

Ban da tagwayen nan akwai manya biyu da aka samo daga Amurka, NNS Thunder wanda ya kama aiki a 2012, da NNS Okpabana a 2015. Tsawon kowannensu mita 115 ne, amma tsofaffi ne, gama tun 1968 su ka soma aiki a hannun masu gadin gaɓar Amurka. A shekarar 2021 kuma aka ƙulla ciniki da wata ma'aikata mai suna Dearsan a ƙasar Turkiyya, ta ƙera sababbi biyu masu tsawon mita 76, aka saka na farkonsu a ruwa a watan Oktoba na 2023.

YADDA A KE SINTIRI

Dokar duniya ta wajabta wa kowane babban jirgin fatauci ya ɗauki wata na'ura mai shelar sunansa da inda ya ke da inda ya nufa. A gaɓa kuma akwai tashoshin tsaro masu rada da kyamara, irin tsarin nan mai suna Falcon Eye da aka ƙaddamar a 2021. In rada ta nuna jirgi a wuri, amma ba a ji shelarsa ba, to ya zama abin tuhuma, kamar baƙon da ya shigo gari da dare bai gai da Mai Unguwa ba. Sai a yi wa jirgin sintiri waya, ya nufi wurin.

Da isarsa sai kyaftin ya kira baƙon ta rediyo, ya tambayi sunansa da kayansa da takardunsa. In amsa ba ta gamsar ba, sai a saukar da kwale-kwale, sojoji su hau, su duba. Jirgin kamun kifi za a nemi lasisinsa a duba girman idon komarsa. Jirgin mai za a nemi takardar izinin lodi. In an sami laifi, sai a kora jirgin zuwa tasha a miƙa shi ga hukumar da abin ya shafa, daga nan sai kotu. Ba safai a ke harba igwa ba. Yawancin aikin gani ne da tambaya da rubutu, abin da kowane Magatakarda ya san darajarsa.

ABIN DA YA FARU DA JIRGIN MAXIMUS

A watan Fabrairu na 2016 'yan fashi su ka kama wani jirgin dakon mai mai suna Maximus a tekun Abijan, ta ƙasar Kwaddebuwa. Nufinsu su juye man da ke cikinsa su sayar. Su ka shafe sunansa su ka rubuta wani, su ka yi gabas da shi. Jiragen soja na Amurka da Gana da Togo su ka yi ta binsa suna miƙa wa juna labari, har ya shigo inda Sojan Ruwan Nijeriya za su iya kai masa. NNS Okpabana ya bi sawunsa har kusa da tsibirin Sawo Tome, nesa ƙwarai da gaɓarmu. Da lallashi ya ƙi ci, sojoji su ka hau jirgin da dare. Aka kashe ɗan fashi ɗaya, aka kama shida, aka kawo jirgin Ikko. Fiye da mako guda aka yi daga kamun jirgin zuwa ƙwato shi. Ƙaramin jirgi mai gudu da tuni mansa ya ƙare ya juya. Wannan shi ne amfanin raƙumi.

Amma kama ɓarawo daban, hukunta shi daban. A lokacin nan Nijeriya ba ta da doka ta musamman a kan fashin teku. Sai a 2019 aka kafa ta. A watan Mayu na 2020 aka sace wani jirgin kamun kifi na mutanen Sin mai suna Hai Lu Feng 11, wani jirgin soja mai suna NNS Nguru ya tare shi, aka kuɓutar da ma'aikata 18, aka kama 'yan fashi goma. A watan Yuli na 2021 Babbar Kotun Tarayya a Ikko ta ɗaure kowannensu shekara 12.

Akwai wata hukuma a London, a na ce da ita IMB, mai ƙidayar fashin teku a duniya duka. Ta ce a shekarar 2020 an sace ma'aikatan jirgi 135 don neman fansa, 130 daga cikinsu a Mashigin Gini, watau tekun da mu ke bakinsa. A 2021 adadin ya sauko zuwa 57. A 2022 aka wayi gari ana ƙidaya su da yatsun hannu ɗaya, kuma a watan Maris na wannan shekara aka cire sunan Nijeriya daga jerin ƙasashen da ruwansu ke da haɗarin fashi.

Ina wannan ya shafi mai sayen atamfa a Kano? Ga yadda ya ke. In hanya ta yi suna da fashi, kamfanonin inshora su kan ƙara kuɗi a kan kowane jirgin da zai bi ta, mai jirgi ya biya masu gadi, ya ƙara wa ma'aikatansa lada saboda haɗari. Ba daga aljihunsa zai biya ba. Zai aza a kan ɗan kasuwa, ɗan kasuwa ya aza a kan dillali, dillali ya aza a kan mai saye. Haka kuma manomin riɗi za a rage masa kuɗin buhu don a cike gurbin. Fashin da aka yi a tsakiyar teku a Kurmi a ke biyan diyyarsa.

ABIN DA JIRGI BA YA IYAWA

Ba daidai ba ne a gaya wa jama'a cewa matsala ta ƙare. Da fari dai, jiragen kaɗan ne, ruwan kuwa da faɗi. Ruwan gishiri yana cin ƙarfe, inji yana neman gyara, jirgin da ke kwance a ma'aikata kuwa ba ya tsaron kowa. Sayen jirgi ya fi riƙonsa sauƙi. Saboda haka ne a ke ƙoƙarin koyon ƙira a gida, har ma'aikatar Sojan Ruwa ta Ikko ta ƙera ƙananan jirage uku, Andoni a 2012, Karaduwa a 2016, da Oji a 2021.

Na biyu, ɗan fashi ba a ruwa aka haife shi ba. A tudu ya ke kwana, a tudu ya ke sayar da abin da ya sato, in kuwa ba mai saye ba ɓarawo. A 2023 an sake sace waɗansu ma'aikatan jirage a Mashigin Gini, kuma ko bayan 2022 Gwamnati ta daɗe tana kokawa da kamfanonin inshora don su janye ƙarin da su ka yi.

Na uku, ɓarawo ba ya sanin iyaka. Shi ya sa shugabannin ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya su ka taru a Yawunde a watan Yuni na 2013, su ka yi alkawarin taimakon juna da labari da jirage. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A watan Janairu na 2017 ma an tura NNS Unity tekun Gambiya, sa'ad da ƙasashen yankin su ka tsaya a kan lalle a miƙa mulki ga wanda ya ci zaɓe.

RABON 'YAN AREWA

An kafa rundunar Sojan Ruwan Nijeriya ran 1 ga Yuni, 1956. Da yawa daga cikin mutanenmu sun ɗauka aiki ne na mutanen bakin ruwa kaɗai. Ba haka ba ne. Runduna ce ta Tarayya, kuma daga kowace jiha a ke ɗaukar mutane. Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1964, ita ce ta ke horar da hafsoshin ruwa tare da na ƙasa da na sama. Bayis Admiral Murtala Nyako, mutumin Adamawa, ya shugabanci rundunar daga 1990 zuwa 1992. Bayis Admiral Awwal Zubairu Gambo, mutumin Kano, ya shugabance ta daga 2021 zuwa 2023. A zamaninsa ne aka kafa kwalejin koyon tanadin kayan aiki ta Sojan Ruwa a Dawakin Tofa. Ba a haifi kowa da iyo ba, koya a ke yi. Jirgi kuwa yana bukatar makaniki da mai aikin lantarki da malamin asibiti da kuku da akawu, ba matuƙi kaɗai ba.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI

Na farko, a karanta wa Dagatai da Masu Unguwanni wannan bayani a wurin taro, don in talaka ya tambaya me ya sa a ke sayen jirgin ruwa alhali ga bukatu a tudu, a ba shi amsa ta gaskiya, da amfanin da kuma iyakarsa.

Na biyu, in lokacin ɗaukar sojan ruwa ya zo, a sanar da samari masu takardar gama sakandare da ƙoshin lafiya. A gargaɗe su cewa ba a sayar da gurbi, kuma duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai sama wa yaro aiki macuci ne, a kai ƙararsa.

Na uku, Magatakarda su yi hattara da takardar shaidar asali da ta hali. Kada a sa hannu ga wanda ba a san shi ba, ba a san iyayensa ba. Wanda aka shaida a ofishin Hakimi yau, gobe shi za a danƙa wa bindiga da amanar jirgi.

Na huɗu, a ja kunnen 'yan kasuwa kada su sayi man sata ko kayan fasa-ƙwauri saboda araha. Mai sayen kayan sata abokin ɓarawo ne, ko yana Fagge ko yana bakin teku.

Kakanninmu sun gina ganuwa da hannunsu, sun naɗa wa kowace ƙofa mai tsaro, domin sun san ciniki ba ya zama inda babu aminci. Ƙofa ta yi nisa yanzu, amma hukuncin bai sake ba. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya taimaki Hakimai a kan riƙon jama'a, ya kiyaye matafiya na tudu da na ruwa. Amin.